Haƙorin da Ɓera Bai Biya Ba

A ƙauyenmu na bakin ruwa a Ben Tre, in ka ji ana gardama a kan haƙori, ba sai ka tambaya ba, gidan Inna Tam ne. Ita ce mai alewar kwakwa ta gindin gada. Tun tana budurwa take tsaye a kan kasko tana juya madarar kwakwa da sukari, har damatsanta suka fi na wasu mazan ƙarfi, bakinta kuwa ya fi damatsan. Alewarta irin mai danƙon nan ce da in ta kama turmin haƙori sai an yi da gaske take saki. Rabin ƙauyen nan da ita aka yaye su. Da ita ta sayi kwalekwale, ta sauya rufin ganye da na kwano, ta kuma sa 'yarta ɗaya tilo, Lua, a makaranta.

Bayan alewa, abin da Inna Tam ta ɗauka da zafi shi ne famfarar haƙoran yara. Kowa ya san yadda ake yi: haƙorin ƙasa in ya faɗi a jefa shi kan rufi, na sama a cusa shi ƙarƙashin gado, yaro ya haɗa ƙafafunsa daidai ya kira ɓera ya zo ya ɗauki tsoho ya kawo sabo. Sauran mutane wasa suke yi da abin. Ita kuwa ko shari'a ba ta kai shi ba. Ta san kowane haƙori da aka taɓa jefawa a gidanta, na wa ne, a wace damina ya faɗi, wa ya jefa. Hukuncinta ɗaya ne kuma ba a ɗaukaka ƙara: duk haƙorin da bai hau rufi ba, bai shiga ƙarƙashin gado ba, to na nono ne, ko ya yi baƙi ko ya yi kogo ba komai, ɓera zai biya.

Sau ɗaya tak ɓera ya ƙi biya, kuma wannan ne tushen wahalar mijinta, Tsoho Dang.

Lua tana 'yar shekara tara turminta na ƙasa ya ruɓe, kunci ya kumbura har ido ya rufe. Dang ya sa ta a kwalekwale ya kai ta asibitin gari aka cire, ya dawo da haƙorin ƙunshe a takarda. Da yake yarinyar ba ta da ƙarfin jifa ranar, shi ya jefa mata. Haƙori ya hau kwano, ya gangaro ƙwal-ƙwal-ƙwal, ya faɗa rafi. Aka yi ta jiran sabo, shiru. Har yau Lua, da ta girma take ɗinkin takalma a wata masana'anta can birni, da ɓari ɗaya take tauna.

Tun daga ranar Dang bai sake yin daidai ba a gidan nan. In ya yar da cokali, sai ta ce, "Hannun da ya ba kifi haƙorin 'yata." In ya jefa taru ya dawo ba komai, ta ce, "Ai kifayen sun san ka, sun ga ba su da abin tsoro." Ya tsufa da wannan gori, gashinsa ya yi fari a cikinsa. Shi kuwa mutum ne da magana take masa tsada. Ya kwanta a ragar lilonsa, ya ɗora hula a fuska, iyakarsa ya ce, "To, Uwar Lua." Mu maƙwabta mun daɗe da daina tausaya masa, don tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ba mu taɓa ganin ta zuba wa kanta shinkafa kafin ta zuba masa ba.

Yanzu su ne suke riƙon jikarsu Thom, 'yar Lua, 'yar aji ɗaya mai giɓi a gaba da surutu kamar na kakarta. Wata ranar damina ta dawo daga makaranta da gudu, ko takalmi ba ta cire ba.

"Kaka, gobe masu haƙori za su zo. Za su shafa mana wani farin abu a haƙoran baya don kada tsutsa ta shiga. Malama ta ce sai in an yarda a gida."

Inna Tam tana yanka alewa ba ta ko ɗago ba. "Waɗanne haƙoran bayan? Waɗanda za su zube gobe-jibi?"

"Kowa za a yi wa."

"Kowa ɗin ni na haife shi? Wa ya taɓa yi wa gidan haya fenti ana gobe zai tashi? Kuma in suka liƙe shi da danƙo, ta ina zai fita? Sabon ya zo ya tarar da ƙofa a kulle, ya fito ta gefe, ki zama kamar kada. Ba da ni ba."

Thom ta juya ga kakanta. Dang ya ɗaga hular kaɗan, ya ce, "Da an bari an yi mata."

"Ka ji masanin haƙori," in ji Inna Tam. "Kai da ko jifa ba ka iya ba."

Hula ta koma kan fuska. Da yamma Lua ta kira a waya ta roƙa, uwar ta ce mata abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ta kuma tambaye ta ko tana cin abinci sosai, ta kashe. Masu haƙorin dai wuni ɗaya za su yi, da la'asar su bi jirgin fito zuwa ƙetare, sai kuma baɗi in rabo ya kawo su.

Washegari da hantsi alewa na kan wuta, sai ga maƙwabciya ta leƙo da labari, wai an jera yara a makaranta ana haska musu wata shuɗiyar wuta a baki. Inna Tam ta san jikarta sarai, ta san ba ƙaramin aikinta ba ne ta kutsa cikin layi ta ce an yarda. Ta miƙa wa Dang muciya ta ce kada ya bari ta kama, ta ɗauki malafarta, ta tsallake gada tana faɗa ita kaɗai tun kafin ta ga abokin faɗan.

Ba ta samu Thom a layi ba. Tana can zaune ita ɗaya a kan benci a baranda, ta rungume jaka, tana kallon ƙawayenta suna fitowa suna buɗe wa juna baki suna dariya. Wannan ya ɗan sanyaya wa tsohuwar jiki, amma tunda ta riga ta taho da faɗa, ba za ta mayar da shi gida ba. Ta kama hannun yarinyar ta shiga ajin.

An ture tebura gefe, an kafa wata kujera mai kwanciya. Wata ma'aikaciya da farar riga tana sunkuye a kan wani yaro. Da ta sauke ƙyallen bakinta, Inna Tam ta ƙura mata ido.

"Ke ba Lanh ba ce, 'yar mai fito? Wadda take laɓewa bayan tulu tana lasar takardar alewata?"

"Ni ce, Inna. Sannu da zuwa."

"Yanzu kin girma kin zo liƙe wa 'ya'yan mutane baki."

Lanh ta yi dariya. "Ki tsaya ki gani tukuna, in ya so ki zage ni da hujja."

Inna Tam ta tsaya, hannu a ƙugu. Ba allura, ba injin huda. Aka goge haƙorin yaron, aka tare miyau da auduga, aka shafa wani abu da ya sa shi yamutsa fuska don tsami, aka wanke aka busar. Sannan Lanh ta ɗiga farin ruwa mai kauri a cikin 'yan kwaruruwan da ke saman turmin, ta haska shuɗiyar fitila, abin ya daskare. Yaro ya sauko yana taɓa wurin da harshe.

"Nan ne abinci yake maƙalewa, buroshi ba ya kaiwa," in ji Lanh. "Mun cike wurin ya zama sumul. Kin san dai rigakafi…"

"Ajiye karin maganarki, na riga ki jin ta. Ni tambayata ɗaya ce. Me ya sa za a wahala a kan haƙorin da zai faɗi?"

Lanh ta ɗora Thom a kujerar, ta ce ta buɗe baki, ta sa ɗan madubi, ta jawo fitila. "Matso, Inna. Kin ga wancan babban na can ƙurya? An ce ba haƙorin da ke faɗuwa a gidanki ba ki sani ba. Wanne kika jefa kafin wannan ya fito?"

Inna Tam ta buɗe baki za ta ba da amsa, don ba a taɓa kama ta a wannan fanni ba. Na gaba na ƙasa, sun hau rufi kafin sabuwar shekara. Na sama, yana ƙarƙashin gado tun farkon damina. Na baya kuwa… Ta sake leƙawa. Ta tuna watannin baya da yarinyar ta yi ta cusa yatsa can ciki tana cewa dasashinta na ƙaiƙayi. Wurin fili ne a da, dasashi ne zalla. Haƙorin bai kori kowa ba, fitowa kawai ya yi abinsa a bayan 'yan uwansa.

"Ba wanda ya faɗi," ta ce a hankali.

"To shi ne. Wannan ba na nono ba ne. Sau ɗaya ake ba mutum shi, wajen shekara shida, a ɓoye yake zuwa, shi ya sa iyaye ke ɗaukarsa na yarinta. Ba wani a ƙarƙashinsa yana jiran layi. In ya tafi, ya tafi."

"Ko an jefa shi daidai?"

"Ko sarkin maharba ne ya jefa."

Gani ya kori ji. Inna Tam ta zauna a kan wata 'yar kujerar yara da ko rabinta ba ta ɗauka ba. Ba Thom take gani a kujerar ba a lokacin, Lua take gani da kumburarren kunci, da aljihun rigar makaranta cike da gutsattsarin alewar da takan ba ta kowace safiya. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa.

"Me kike jira?" ta ce wa Lanh. "Ki liƙe su duka. Ki zuba da yawa."

Uku aka samu aka shafe. Na huɗun, na ƙasa ta hagu, Lanh ta daɗe tana dubawa, ta ce ɗan baƙin ɗigo ya riga ya shiga, shafe ba zai yi ba, sai an kai ta asibitin gari an cike, amma haƙorin zai tsira in ba a yi sanya ba. Inna Tam ta ce gobe-goben nan. Thom ta sauko ta ruga wajen ƙawayenta da baki a wangale.

Da ta koma gida ta tarar da Dang tsaye a kan kasko yana juyawa yadda ta bar shi, gumi ya jiƙa masa riga. Alewar ba ta kama ba. Ta karɓi muciyar, ta juya sau biyu uku ba tare da bukata ba, ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Laifi tudu ne, ta daɗe a kan nata tana hango nasa, sauka kuma ba ta saba ba.

"Gobe za ka fito da kwalekwale, za mu kai Thom gari," ta ce.

"To."

"Wai ashe… haƙorin nan na Lua. Ko da ya tsaya a kan rufin, wai ba wani da zai fito."

"Haka ne."

Ta juyo. "Haka ne kamar yaya?"

"Likitan da ya cire ya gaya mini tun ranar. Ya ce na dindindin ne, zaƙi ne ya cinye shi."

Muciya ta tsaya cak. "Ka sani? Shekara da shekaru ina yi maka gori a gaban mutane, ka sani ka yi shiru?"

Dang ya share gumi da gefen hularsa, ya nufi ragar lilonsa. Sai da ya zauna ya ce, "In ba hannuna ba ne, alewarki ce. Ita muke ci, ita ta sa yarinyar a makaranta. Da na faɗa miki, da wane hannu za ki sake juya kaskon nan? Ni kuwa jifa ne kawai aka ce ban iya ba."

Ya kwanta ya ɗora hula a fuska. Inna Tam ta tsaya tana kallonsa, muciya a hannu, ta manta da kaskon da ke kan wuta. Ranar ce kaɗai muka taɓa jin ƙaurin alewa daga gindin gada.

Bayan 'yan makonni wani haƙorin ƙasa na Thom ya faɗi, na nono na gaskiya. Yarinyar ta haɗa ƙafafu a tsakar gida, ta miƙa wa kakarta kamar kullum. Inna Tam ta juya shi a tafin hannunta, ta je bakin ragar lilo ta ɗaga hular.

"Tashi, Baban Lua," ta ce. "Kai za ka jefa."