Kwana Uku Wasiƙar Yaya Tana Hannuna

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina 'yar sha biyar, bayan samun 'yancin kai kaɗan, na ɓoye wasiƙar Yaya Rahila cikin littafin soyayyata.

Wani malamin awon auduga na Funtua ne ya ba ni in kai mata. Na buɗe, na ga yana gayyatarta "dansin kwamfetishin". Hankalina bai kwanta da shi ba, na tambayi malamarmu.

"Gasar rawa ce, mace da namiji riƙe da juna. Ke wa ya gayyace ki?"

"Ba ni ba ce, Malama."

"To me ya sa idonki ya ciko?"

Ashe ba tsoro nake mata ba, kishi ne. Na koma gida da niyyar miƙa mata.

Ku da kun bayar?