Ba Za Mu Farke Ɗinkinki Ba, Gwaggo Sa'a

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 15 ga watan Rajab 1446, daidai da 15 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Sa'adatu mai ɗinkin bargo ta Unguwar Sada, ƙauyenmu da ke bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Kowa Gwaggo Sa'a yake ce mata, amma ni Fa'iza gwaggona ce ta jini, yayar mahaifina, kuma a hannunta na tashi tun daga yaye. Jinyarta ba ta yi tsawo ba. An yi mata sutura bayan sallar azahar, aka kwantar da ita kusa da mijinta, marigayi Malam Sammani.

Gwaggo, da ke zan yi magana. Waɗanda ya kamata su ji abin da zan faɗa sun fi jin nauyinki a kan nawa, ko da kina ƙarƙashin ƙasa, don haka bari in bi ta kanki.

Tun ina ƙarama na san ana kiranki mai tsumma a bayan idonki. Kin sani, ba ki taɓa damuwa ba. Kina zuwa wajen telolin Kura ki kwaso ragowar yadi a buhu, amma wannan na ciki ne, na shimfiɗa da cikon kauri. Fuskar bargo kuwa ba ki taɓa yarda ki yi ta da sabon ƙyalle ba. Sai zanen da aka ɗaura ya ga jiki, sai rigar da ta sha rana a gonar tumatir, sai zanen goyon da ya raini 'ya'ya ya gaji. Duk bargon da za ki yi, sai kin bi gida-gida kin karɓi ɗan ƙyalle, kin tambayi na wane ne. Kina cewa ƙyallen da ba shi da mai shi ba ya ɗumi. Muna yi miki dariya, muna kuma lulluɓa da shi.

Ɗinkinki ma ba irin na kowa ba ne. Ba kya jera ƙyallaye baki da baki. Kowanne sai kin ɗora gefensa a kan na maƙwabcinsa, ki bi su da allura da zare mai kauri har cikin shimfiɗar ciki. Na sha ƙorafi a kan hakan, domin aiki ne mai cin yatsa. Wata rana na yi ganganci na jera nawa yadda ya fi sauƙi, kika karɓa kika ja da hannu biyu, ya buɗe. Ba ki yi mini faɗa ba. Kika miƙo mini allurar, kika ci gaba da naki.

Da wuya a sami gida a Unguwar Sada da babu bargonki. Jariri in an haife shi, ranar suna a cikin naki ake naɗe shi. Amarya tana tafiya da ɗaya cikin kayanta. Masu gadin gonar rani, waɗanda suka san yadda sanyin bakin kanal yake ratsa ƙashi, ba sa fita sai da shi a kafaɗa. Da bargunan kanti masu laushi suka cika kasuwar Bunkure, aka ce kasuwarki ta mutu. Kika ce a bar su su saya, wanki biyu ya ishe su gane hanya. Wasu sun dawo, wasu girman kai ya hana su, suka aiko matansu.

Sai tukunyar Juma'a. Kowace Juma'a, in maza sun tafi masallaci, kina turara dambun tsakin shinkafa da zogale da albasa da ƙuli, a zuba a manyan faranti a tsakar gida. 'Ya'ya da jikoki da matan unguwa, duk wadda ta shigo ta wanke hannu. Matan rugar da ke hayin kanal su ma suna zuwa, Bilkisu ce a gabansu, da ƙwaryar nono da man shanu. Fulani ne da suka zauna tare da mu tun kafin a haƙa kanal ɗin, suna noma suna kiwo. Mahaifiyar Bilkisu ƙawarki ce, da ta rasu kika riƙe 'yar. In an ci an ƙoshi sai a shimfiɗa bargon da ake kai, kowa ta kama kusurwarta. A nan ake jin wadda mijinta ya yi asarar tumatir, da wadda ɗanta ba shi da lafiya, a nan kuma ake yanke abin da za a yi mata. Ban taɓa jin kin kira wannan zama da wani suna ba. Cewa kike yi kawai, a zo a ci dambu.

Bara da rani abin ya lalace. Ruwa ya ja baya a kanal, shanun ɗan Bilkisu suka nemi mashaya, suka faɗa gonar albasar Baba Baballe, ƙanin mijinki, wanda kuma shi ne shugaban manoman rani na unguwarmu. Ɓarnar ba ƙarama ba ce, ba zan rage mata komai ba. Amma burtalin da shanu suke bi zuwa ruwa, mu muka nome shi kaɗan-kaɗan har ya zama kunyar albasa, kuma kowa ya san haka. Laifi tudu ne. An zauna gaban dagaci an sasanta, sai dai zuciya ba ta sauka ba. Manoma suka yanke cewa ba mai sake sayen nonon ruga, ba mai sayar musu da harawa ko dusa, kuma kada a sake ganin ƙafar matansu a cikin gidajenmu.

Juma'ar da ta biyo baya, kin turara dambunki, kin aike ni hayin kanal in ce wa Bilkisu man shanu ya ƙare. Ta zo tana ɗari-ɗari. Matan unguwa da yawa ba su zo ba, mazansu sun hana. Muka ci mu kaɗan, dambu ya yi saura, kika raba shi a kwanuka kika aika gidajen waɗanda aka hana ɗin, da man shanun a kai.

Da la'asar Baba Baballe ya yi sallama. Akwai wasa tsakaninku na matar wa da ƙanin miji, amma ranar bai zo da shi ba. Ya tarar da mu a kan bargon amaryar ɗansa, ya nuna wani baƙin saƙi da ke tsakiya.

"Yaya Sa'a, wannan na ruga ne. A cire shi, ba zai shiga gidana ba."

Ba ki ɗago kai ba. Kika ce, "To, mijina na ƙarshen zamani. Je ka gida ka kwaso duk bargunan da ke ɗakunanka, har wanda aka naɗe ka da shi ranar da zazzaɓi ya kusa kai ka. Babu wanda ba na ruga a ciki. In farke su duka a gabanka. Amma ka sani, in na zare ɗaya, na kewaye da shi ma sai sun biyo shi. Sanyi na tafe, sai ka kwana a cikin huji."

Ya juya ya fita. Bai kawo ko ɗaya ba. Bai kuma janye dokarsa ba, ke ma ba ki sauke tukunyarki ba. Haka aka ci damina, aka shiga sanyi, kuna gaisawa sama-sama. Na san abin ya ci miki rai, domin kina ƙaunarsa, ke kika yi masa ɗawainiyar aurensa na fari. Amma ko sau ɗaya ban ji kin ce da ma ba.

Ciwo ya same ki kina kan bargon jaririyar Surayya, jikarki ta wajen ɗanki Lukmanu. Kin haɗa na kowa, saura gurbi ɗaya a tsakiya da kika bari don zanen Bilkisu. Bayan an fita da ke na shiga ɗakinki na tarar da shi a ninke a kan gado, allurar tana soke a bakin gurbin, da zarenta. A nan na yi kukan da ban yi ba a gaban mutane.

Ba a ko share makoki ba, saƙo ya iso cikin gida daga zaure: ta'aziyyar mutanen ruga a karɓe ta daga waje, kuma zaman Juma'a ya bi mai shi. Wato abin da ba a iya karɓa a hannunki ba kina raye, shi ake son a karɓe a hannunmu tun ƙasar kabarinki ba ta bushe ba. Raina ya ɓaci, Gwaggo, ya ɓaci ƙwarai, har yanzu bai gama sauka ba.

Sadakar uku ta faɗo ranar Juma'a. Da sassafe, ana sanyi, maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida ana addu'a. Aka ce mini Bilkisu tana waje. Na leƙa na gan ta tsaye can gefe da ƙwaryarta a ka, idanunta sun kumbura. Ta ƙi matsowa don kada ta jawo mana magana. Ta miƙo mini wani ƙyalle a ƙunshe, ta ce, "Adda Fa'iza, ga abin da Gwaggo ta ce in kawo. Ki karɓa daga nan, Allah Ya ba mu haƙuri."

Na karɓa, na kama hannunta ban saki ba. Na ja ta muka nufi zaure, ta ƙofar da kowa yake bi. Baba Baballe yana zaune daidai bakin ƙofar, ya miƙe ƙafafu, ya ƙudundune a cikin tsohon bargonsa saboda sanyi. Bilkisu ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa ta'aziyyar matar wansa. Tana ɗagowa sai idonta ya sauka a kafaɗarsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Baba, wannan zanen innata ne."

Ya sunkuya ya dubi baƙin saƙin da ke kafaɗarsa. Bai ce ta shiga ba, bai ce kada ta shiga ba. Ya janye ƙafafunsa, muka wuce.

Ranar mun turara dambu. Bayan an ci, muka shimfiɗa bargon jaririyar, Bilkisu ta zare allurarki daga inda kika soke ta, ta ɗora gefen zanenta a kan na maƙwabtansa yadda kika koya mana. Cikin waɗanda ya hau kansu har da hannun tsohuwar rigar Baba Baballe. Ke kika ajiye shi a wurin, kuma na san ba kuskure kika yi ba.

Har yau da nake wannan rubutu ba a janye dokar ba. To, ga tamu, kowa ya ji. Tukunyar Juma'a tana nan a gidan Malam Sammani, ƙofa a buɗe take ga na wannan hayi da na wancan. Duk bargon da zai fita daga gidan nan, da ƙyallen ruga zai fita. Wanda bai so ba, kasuwar Bunkure tana ci, ya je ya sayi na kanti. Mu dai ba za mu farke ɗinkinki ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Sa'adatu ta zo gare Ka. Ka jiƙan ta, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Yadda ta rufa bayinKa daga sanyi, Ka lulluɓe ta da rahamarKa, Ka sada ta da mijinta da iyayenta a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Lukmanu da ƙannensa, da Surayya da sauran jikoki, da matan Unguwar Sada baki ɗaya. Ina miƙa ta ga Bilkisu da mutanen ruga, domin rashin nasu ne kamar yadda yake namu. Ina kuma miƙa ta ga Baba Baballe, wanda har yanzu da bargonta yake kwana. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya daidaita tsakaninmu, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.