Turmin Yaya a Gasar Kyau

A Illela ba mu taɓa ganin sarauniyar kyau ta tsufa ba. Duk wadda ta ci gasar, kafin damina ta zagayo an canza wa ubanta wurin aiki, sai ta shiga mota ta bi shi, ta bar mu da labari.

Wata ƙungiyar matasa ce ke shirya gasar, lokacin hutun lakwal, wato makaranta, bayan an kai hatsi rumbu. Kowace gunduma ta fid da tata gwanar, mu da Konni da Malbaza da sauransu, sannan a haɗa su a Tawa a zaɓi ta jiha gaba ɗaya. Ina ƙaramar lakwal aka fara. Ta farko ɗiyar wani jandarma ce, doguwa, mai wushirya. Da aka mai da ubanta gabas ta sa kambin cikin akwati ta tafi da shi, don ba wanda ya gaya mata na aro ne. Tun daga nan wani tela ke haɗa sabo kowace shekara da kwali da takarda mai ƙyalli, kuma idan sarauniya ta yi gumi sai goshinta ya zama ruwan zinariya.

Ta biyu ɗiyar ma'aikacin gandun daji ce. Takalminta mai tsini ya nutse cikin rairayi, ta ƙarasa tafiyar da ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, amma ba ta daina murmushi ba, aka ba ta kambin. Akwai wata ɗiyar soja da ta je Tawa ta ci ta jiha, ita kaɗai a tarihinmu. Mai hoton bakin kasuwa ya manna hotonta a ƙofarsa. Rana ta yi ta cin sa har ba abin da ya rage sai haƙora da ɗan kunne guda. Ina wucewa ta nan kullum idan zan tafi koleji.

'Yan matan gari ba sa shiga. Iyayenmu manoma ne, sun yarda mu je kallo, mu tsaya can baya. Abin da muke bayarwa shi ne kaya. Akwai sashen shigar gargajiya, kuma duk garin an san kakata ce ke da tsohon zanen saƙi baƙi mai ratsin ja. Kowace shekara uwar wata ke zuwa aro. Zanen nan ya ci gasa fiye da kowa.

Bara yayata ta ce za ta shiga. Ba kambin kwali take so ba. Tawa take so ta gani. Iyakarta Badagishiri, ranar kasuwa, kuma 'yan ajinsu 'ya'yan ma'aikata kullum hirarsu Tawa kaza, Tawa kaza, ita tana jinjina kai kamar ta sani. Wadda ta ci kuwa, a mota ake kai ta.

Madam, malamarmu ta Faransanci, wadda ke cikin masu shirya gasar, ita ta zo gida roƙo. Ta ce abin kunya ne a ce babu ɗiyar gari ko ɗaya. Baba yana gyaran igiyar amalanke, bai ɗago ba, ya ce, "Ku tambayi uwatta."

Inna ta ce daga madafa, "Ni mi nawa? Ku tambayi ubanta."

Madam ta ce, "To madalla, tunda duk kun yarda." Ta yi godiya ta fita kafin wani ya sake buɗe baki.

Ranar gasar, bayan la'asar, na sami wuri kusa da katanga inda ba mai ganina. 'Yan takara suka yi tafiyarsu, suka gaida jama'a da Hausa da Faransanci. Yaya ta fito cikin zanen Kaka. Zanen ya fi ta sanin filin. Ba ta kalli alƙalai ba ko sau ɗaya, don cikinsu akwai sa'an Baba, amma ta yi kyau har na ji wata mata a gabana tana tambaya ɗiyar wane ma'aikaci ce.

Sai aka zo sashen ƙarshe, na daka. Aka jera turame, aka zuba wa kowace hatsi kaɗan, mai kalangu ya gyara tsayuwa. Duk wanda ya taɓa kallon gasar ya san abin da ake nema a nan: ki jefa taɓarya sama, ki tafa, ki cafe, ki yi wa alƙalai murmushi, har a busa usur. Yaya ma ta sani. Mun sha kallo tare.

Amma da ta tsaya gaban turmin, sai ta sa hannu ciki, kamar yadda take yi kowace safiya. Na ga ta murza hatsin tsakanin yatsunta. A bushe yake. Ba a surfa hatsi a bushe, farfashewa yake yi, dusar ba ta fita. Ta duba dama, ta duba hagu. Sai ta taka har teburin alƙalai, ta durƙusa, ta ɗauki gorar ruwan da ke gaban babbansu, ta dawo ta yayyafa.

Mai gabatarwa ya ce cikin lasifika, "Jama'a, wagga da gaske ta zo! A kawo nono!"

Aka yi dariya. Yaya ba ta ji ba. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta juya wa alƙalai baya, don ba a ɗaga hannuwa ana fuskantar manya, ta fara. Sauran suna jefa taɓare sama, hatsi na tsalle yana zuba ƙasa, kajin mai gadin filin suna bi. Ita kuwa ƙarar turminta daban take, mai nauyi, har mai kalangu ya bar kiɗansa ya koma bin ta ba tare da ya lura ba. Hodar da madam ta shafa mata ta gangaro wuya.

Aka busa usur. Kowa ya tsaya, ban da ita.

"Ke ɗiya, an busa!"

"Bai fita ba," in ji Yaya, ba ta juyo ba.

"Mi ne bai fita ba?"

"Dussa. Na riga na jiƙa shi, in na bari lalacewa zai yi."

Aka sake busawa. Alƙalai suka zauna suna kallon bayanta, babbansu yana neman abin da zai sha. Sai da ta ɗebo hatsin a tafin hannu, ta hura, ta ga ya yi fari, sannan ta jingine taɓarya. Matan da ke baya suka rangaɗa guɗa. Guɗa ba ta cikin lissafin alƙalai. Ɗiyar sabon malamin asibiti ce ta ci, wadda taɓaryarta ta fi ta kowa nisa a sama. Yaya ko ta uku ba ta zo ba.

A gida ta kwanta ta juya wa bango fuska. Inna ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ai an ce surfen ya yi kyau." Yaya ta ja zane ta rufe kai.

Ana cikin haka, wata safiya sai ga madam da uwar sabuwar sarauniya. Bayan doguwar gaisuwa suka faɗi abin da ya kawo su. A Tawa ba a tsayawa ga jefa taɓarya, alƙalai har ɗanɗana furar 'yan takara suke yi. An kuma yarda kowace ta zo da 'yar rakiya guda, mai taimaka mata da shiri. Yaya suke so ta raka ta.

Baba bai tura su wurin kowa ba wannan karon. Ya ce, "Daka ne? Ai sai ta tai."

Na ɗauka Yaya za ta ƙi. Ta fito daga ɗaki, idanunta a kumbure, ta gaida su. Sannan ta ce, "Wajen taga nika zamnawa."

Uwar sarauniya ta ce ko gaban mota take so an ba ta.

Da ta dawo na bi ta ɗaki ina tambaya. Ta ce ta ga benaye, ta ga babban tabki a cikin gari, ta ga titi mai fitilu a tsakiya. Sauran lokacin a bayan zauren taro ta yi shi, tare da 'yan rakiyar Konni da Malbaza da na sauran gundumomi, kowace da turminta, kuma duk 'yan gari ne. Sarauniyarmu ta zo ta biyu. Alƙalai sun ce ba su taɓa shan fura mai laushin tata ba, har suka tambaye ta wa ya koya mata.

"Me ta ce?"

"Ta ce Allah ne." Yaya ta cire takalmi tana matsa ƙafa. "In sunka zo baɗi, ki ce musu ina nan. Amma da taɓaryata zan tai. Tasu ba ta da nauyi."