Motar Orest Ba Ta Ribas

Ƙanena Orest Bilash ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas ɗin makaranta a garinmu, nan Manitoba, kuma in dai maganar ribas ce, to kowa ya ja da baya ya ba shi wuri. Doguwar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, da baya yake zura ta tsakanin rumbunan alkama biyu, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da gahawarsa. Sau huɗu yana lashe gasar direbobin gundumarmu. Kofunan da ya ciwo suna nan a garejinsa, ya cika su da kusoshi.

Abin da Orest bai iya ba shi ne gama abu. Ya fara kwalekwale, ya tsaya a rabi, yanzu kyanwoyi ke haihuwa a ciki. Ya sayi akwatunan kiwon zuma har shida, bai taɓa sayen ƙudan ba. Ya koyi kiɗa, waƙa ɗaya da rabi ya iya. Ni ce babbarsu, sunana Halya, ina da shekara saba'in da biyu, kuma ni na goya shi, saboda haka ina da ikon faɗa.

Tsakanina da shi akwai Myron, wanda ya riƙe gonar mahaifinmu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar addu'ar arba'in ɗin mahaifiyarmu, ana cin abinci a zauren coci, Orest ya miƙe ya ce zai rubuta tarihin gidanmu. Myron ko ɗaga kai daga faranti bai yi ba, ya ce, "Zauna, Orest. Kai tunda aka haife ka, me ka taɓa gamawa?" Mutane suka yi dariya. Orest ya ajiye cokali ya fita, ya bar firoginsa, curin fulawar nan mai cikon dankali, rabi a faranti. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Ni na zama 'yar aike. "Ki gaya wa ɗan'uwanki kaza." "To ki gaya wa ɗan'uwanki ba na so." Daren Kirsimeti abinci kala goma sha biyu ake dafawa a gidajenmu, ni kuwa sau biyu nake yi, saboda tsofaffin banza biyu ba za su zauna a tebur ɗaya ba. Na gaji, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Bara da sanyi gwiwoyin Myron suka ƙi shi. Ya sayar da gona, ya ce ƙarshen Satumba zai koma wurin 'yarsa can Victoria, bakin teku. Myron ba ya hawa jirgi, Orest ba ya zuwa inda ba a gayyace shi ba. In Satumba ta wuce ba su yi magana ba, to sai dai a jana'iza, kuma mai yiwuwa tawa ce. Haka na gaya wa kowannensu, ban rage komai ba. Myron ya ce, "Uhm." Orest kuwa sai ya je ya sayo mota a akwati.

Da gaske nake, a akwati. Cikin Fabrairu babbar mota ta sauke masa akwatuna bakwai a kan ƙanƙara. Irin motar tseren nan ce da mutum ke harhaɗawa da hannunsa, kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa, tsayinta bai wuce gwiwata ba. Sun aiko da komai har ƙaho, ban da inji. Injin kai za ka zaɓa wanda ka ga dama ka ɗaura.

Tabɗi! Ai sai garin ya kama da wuta. Talata da Juma'a nake kai firogi ɗakin cin abincin da ke gidan man garinmu, saboda haka a kunnena aka yi komai. Tsofaffin da ke zaman gahawa kowace safiya suka bar zancen farashin alkama, suka koma kan injin Orest.

Lorne Friesen, tsohon makanike, ya bugi tebur. "Silinda takwas! In ba takwas ba, keken ɗinki ka haɗa."

"Haba Lorne," in ji wani, "takwas a wannan ɗan kwalin? Ai injin zai tafi ya bar motar."

"To ka sa mai huɗu, irin na motar matarka, ka riƙa zuwa sayen madara."

"Matata ta fi ka gudu, tsoho!"

Har limamin cocinmu sai da ya sa baki, ya ce shi dai a sa ƙarami, don ba ya son aikin binnewa da rani. Orest yana tsakiya, baki har kunne, yana zane a takardar goge hannu. Yau ya ce takwas, gobe huɗu, jibi ya zo da littafi yana karanto musu nauyin kowanne. Rabona da in gan shi cikin irin wannan farin ciki tun yana saurayi.

Amma duk wanda ke teburin nan ya san inda injin da ya dace yake. Yana rumbun Myron, lulluɓe da tamfol: injin a-kori-kurar mahaifinmu, mai silinda takwas, wanda Myron ke zuba wa mai duk bazara. Wata safiya Lorne ya kasa riƙe bakinsa ya faɗa. Orest ya shiga juya gahawar da babu sukari a ciki.

Ni kuwa zuciyata ta yi tsalle, na ce ga hanya. Ba wanda ya aike ni, na ɗauki ƙafa na tafi gona. Myron ya ce, "In yana so, ya zo ya tambaya da bakinsa." Na dawo da gudu. Orest ya ce, "Ki gaya wa ɗan'uwanki ba tarakta nake haɗawa ba." Kamar in rufe su da duka su biyun.

Bayan mako biyu ya tafi Winnipeg, ya dawo da wani ɗan abu a bayan a-kori-kurarsa. Ya faka gaban gidan mai, duk suka fito, ya yaye bargo. Injin babur ne, na irin baburan tseren nan masu kuka kamar an taka kyanwa.

Lorne ya zagaya shi sau biyu. "Mara nauyi ne, gaskiya. Zai yi gudu kamar hauka." Sai ya tsaya cak. "Orest. Babur fa ba shi da ribas."

"Na sani."

"Ka sani? Sarkin ribas na gunduma guda zai haɗa motar da ba ta komawa baya?"

Dariyar da aka yi ranar, sai da wani ya zauna a ƙasa. Daga baya Lorne ya tausaya masa, ya ce akwai wata 'yar na'urar lantarki da ake ɗaurawa ta riƙa tura motar baya, har ya sa aka aiko masa da ita. Orest ya karɓa, ya yi godiya, ya ɗora kwalin a kan kanta kusa da kofunan kusoshi.

Abin mamaki, wannan karon bai tsaya ba. Duk rani yana gareji, walda, ɗaure-ɗaure, zagin ƙarfe da yaren kakanninmu. Ya rame, gira ɗaya ta ƙone. Ranar da ya fara tada injin, karnukan unguwa kaf suka amsa, ni kuwa na zubar da tukunyar miya. Amma duk lokacin da na kai masa abinci sai in ga kwalin nan a kanta, ko buɗe shi ba a yi ba. Na ce a raina, ga halin nan dai, sai an bar wani abu a rabi.

Asabar ɗin ƙarshe, saura kwana uku Myron ya tafi, na riga na fid da rai. Ina shanya da hantsi sai ga ƙara ta cika layi. Ga Orest cikin 'yar jar mota, ƙasa-ƙasa kamar yana zaune a bahon wanka, da wani tabarau mai madauri.

"Shigo, Halya!"

"Ta ina? Ina ƙofar?"

"Tsallako kawai, ki zube!"

Na zube kuwa. Gwiwoyina suka zo daidai haɓata. Kafin in ce a yi a hankali, ya taka totur. Wayyo Allah! Ɗankwalina ya tafi, har yau ban sake ganinsa ba. Sandunan lantarki suna wucewa fyu, fyu, iska ta cika mini baki, ina ihu ina kiran sunan mahaifiyarmu. Can sai na ji ihun ya koma dariya. Ni, tsohuwa mai jikoki tara, ina dukan kafaɗarsa ina cewa, "Ƙara! Ƙara mata wuta, ɗan banza!" Muka wuce gidan mai, Lorne ya fito da gudu yana kaɗa hula, na yi masa gwalo.

Sai na ga ya karya kwana ya hau titin tsakuwa. Dariyata ta tsaya, don wannan hanyar gona ɗaya take zuwa.

Layin shiga gonarmu siriri ne, rabin mil, rami hagu rami dama, kuma makon nan duk sun cika da ruwan sama. A ƙarshensa tirelar kwashe kayan Myron ta tare bakin fili tun Litinin, babu wurin juyawa ko na keke. Orest ya sani, ni da bakina na gaya masa.

"Orest, tirela fa!" na ce.

Da muka zo kwalbatin da ke tsakiyar layin sai ya rage gudu, ya rage, har motar ta tsaya. Na ga hannunsa ya tafi kan giya da kansa yana lalube, yana neman abin da ya saba nema shekara talatin da ɗaya. Babu. Ya ja numfashi, ya sa giya ta ɗaya, muka ci gaba har hancin motar ya kusa taɓa tirela. Ya kashe inji.

Myron yana tsaye a baranda da sandunansa biyu. Ya sauko a hankali, taki ɗaya ɗaya, ya zo ya tsaya a kanmu. Ni ya kalla.

"Halya, ki gaya wa ɗan'uwanki ya tare mini hanya."

"Na ajiye aiki," na ce. "Yau ɗin nan. Ga shi nan, da kunnuwansa biyu."

Injin yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa. Orest ya cire tabarau, idonsa a kan sitiyari, ya ce, "Ba ta ribas."

Myron ya dube shi. "Sau goma sha tara," ya ce.

"Me?"

"Sau goma sha tara a-kori-kurarka ta zo kwalbatin can, ta tsaya, ta koma da baya har bakin titi. Ina taga ina kallo. Ko karkacewa ba ka taɓa yi ba. Na ce kai, mutumin nan dai ya iya ribas."

Ni ban taɓa sanin wannan ba. Shekara goma sha ɗaya ina kai saƙo, ba wanda ya gaya mini.

"Ashirin da biyu," in ji Orest. "Uku ba ka gida."

Myron ya yi tari. Ya shiga zagaya motar, yana ƙwanƙwasa walda da sanda, yana leƙa ƙarƙashi iya yadda gwiwa ta bar shi. Ya dawo inda ya fara.

"Mota ba ribas," ya ce. "Wato wannan ma ba ka gama ta ba."

Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Amma Orest ya ɗago kai, karo na farko ya dubi yayansa ido cikin ido.

"Na gama ta, Myron. Haka na yi ta."

Sai a lokacin na tuna kwalin na'urar ribas ɗin nan da ya ƙi buɗewa a kan kanta, sai hawaye. Myron ma ya gane. Ya juya ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce wai ƙurar tirela ce.

"To ni ba zan tura ka ba yanzu, gwiwata ba za ta iya ba," ya ce. "Sai an ci abinci. Akwai firogin Halya a firiji."

Orest ya dafa ya fito. Suka nufi gida kafaɗa da kafaɗa, har sun fara musu a kan injin Baba, wai da ya fi wannan abin wasan yaran. Ni kuwa suka manta da ni sam! Ina maƙale, gwiwa a haɓa, ba gaba ba baya.

"Kai, marasa kunya! Wa zai fitar da ni daga wannan gwangwanin?"

Suka juyo tare. Myron ya jingina sanda ɗaya, ya kama hannuna na hagu, Orest ya kama na dama. "Ɗaya, biyu," in ji Myron. "Uku," in ji Orest. Suka fizgo ni, saura kaɗan mu zube gaba ɗaya a rami, muna dariya kamar yara.

Ranar Talata Myron ya tafi, kwana uku kawai suka samu. Amma ranar Asabar ɗin nan, a kicin ɗin mahaifiyarmu, tsakanin kwalaye, na soya firogi da albasa sau ɗaya, na zuba faranti uku. Orest ya cinye nasa tas, har ya suɗe man da burodi. Myron yana kallonsa, sai ya jawo kaskon ya ƙara masa.