Kawu Abdulbaqi da Akwatunansa Uku

Kawu Abdulbaqi ƙanin mahaifiyata ne, a Gwallaga yake zaune, kuma shekara goma sha shida ya yi yana kula da kwamfutocin wani asibitin kuɗi da ke hanyar Miri. A can yana da ɗan ɗaki mai sanyi da manyan akwatunan ƙarfe uku, waɗanda ake kira saba. Ɗaya na riƙe katunan marasa lafiya, ɗaya na ɗakin magani, ɗaya na gwajin jini. Na sha kai masa abincin rana in tarar ya ɗora tafin hannu a kan ɗaya, kamar mai duba zazzaɓi.

"Wannan ta yi zafi yau," zai ce. "Fankarta ta fara tsufa, kamar ni."

Bara mai asibitin ya sayo sabuwar na'ura guda, ya kuma ɗauko wata injiniya mai suna Agnes. Ita ta yi wa Kawu bayani cewa duk sabobin nan uku za su koma cikin sabuwar, kowace da rabonta, amma ba wadda za ta ƙara samun jikin kanta.

"Kamar gida ɗaya ne, Baba, a yanka shi ɗaki uku a zuba 'yan haya."

"To 'yata, in ɗan haya ɗaya ya kwanta ciwo, ina zan taɓa in ji?"

"A allo za ka gani."

"Allo! Ni da na bar allo tun ina ɗan shekara tara."

Suka yi dariya, amma da ya zo gidanmu ran nan bai ci tuwo ba. Ya ce wa Innarmu in akwatuna sun tafi, me mai gadin akwatuna zai tsaya yi? Shekararsa hamsin da huɗu, ga 'ya'ya biyar.

Agnes ta gama kwashe komai ranar wata Asabar, ta ce ya kashe tsofaffin. Ya kashe biyu. Ta katuna kuwa ya bar ta a kunne, wai don ko-ta-kwana, bai gaya wa kowa ba. Abin da bai sani ba shi ne kwamfutar Saudatu, mai yanka kati a bakin ƙofa, har yanzu tsohuwar take nema. Da tsohuwar a kashe take, da nan take an gane an gyara. Sai Saudatu ta yi kwana tara tana zuba bayanan sababbin marasa lafiya inda likitoci ba sa dubawa.

Asiri ya tonu a kan wata mata daga Inkil. Ta gaya wa Saudatu akwai allurar da ke kumbura mata jiki, an kuma rubuta. Likita ya duba bai ga gargaɗin ba, ya ɗauka ba wata matsala. Har an zuƙo allurar, matar ta ga kwalbar ta janye hannu.

Mai asibitin ya tara ma'aikata, ya ce Saudatu ta kwashe kayanta, tun da ba ta rubuta ba. Tana kuka tana rantsuwa. Kawu ya gaya mini a nan ne ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ta rubuta. Rubutunta na ɗakina. Ni na ƙi kashe tsohuwar."

"Don me, Malam Abdulbaqi?"

"Tsoro na ji kada a ce ba ni da sauran amfani."

Sai Agnes ta sa baki. Ta ce ita ma da laifinta, ba ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ba. Ta ce ita jibi za ta koma Jos, kuma yanzu da komai ke cikin na'ura guda, in ta tsaya asibitin duka ya tsaya, dole a samu wanda ya san wutar gidan da janaretansa, kuma ba wanda ya san su kamar Kawu.

An dakatar da Kawu mako biyu, Saudatu ta koma teburinta. Kafin ya tafi, shi da Agnes suka kwashe katuna ɗari da sha ɗaya zuwa sabuwar, ya kashe tsohuwar da hannunsa. Mako biyun nan a tsakar gidanmu ya yi su, da littafin da Agnes ta rubuta masa, ina riƙe masa waya yana tambayarta. Har yau yana wurin aikinsa.