Na Riga Saƙona Isa Legas

Daura zuwa Kano

Ana kiran assalatu ranar Alhamis na bar gida. Yayana Bala, dillalin shanu a Legas, yana kwance rai a hannun Allah. Mati direban babbar mota ne ya kawo mini labarin, shi kuma na ba saƙo da zai juya ranar Laraba da yamma: "Ka ce wa Yaya ina tafe a jirgin sama, ya jira ni. A turo mai tarbata ranar Juma'a."

Ga lissafina: mota kwana biyu take yi, to jirgi komai saurinsa ai ya kwana ɗaya a hanya. Mai ɗakina Hadiza har bargo ta ɗaure mini, da dambun nama cike da kwano.

Lokacin ba a daɗe da fara shari'a ba, mata a bayan bas, mu a gaba. Da tsayawar ƴan sanda a Kazaure da facin taya, sai ƙarfe tara muka shiga Kano.

A sama

Sha ɗaya muka tashi. Da jirgi ya daidaita a sama na taɓa maƙwabcina.

"Alhaji, a ina za a ya da zango mu yi azahar?"

"Wane zango, Malam? Tafiyar awa ɗaya da rabi ce."

Na ɗauka zangon farko yake nufi. Ina buɗe kwanon dambu aka ce mu ɗaura ɗamara, ga Legas. Wace Legas? Wadda shanu ke ramewa kafin su kai? Daga Daura zuwa Kano ma na fi daɗewa! Wallahi kaina ya ɗaure, har tsoro ya kama ni.

Legas

Babu mai tarbata, ban san gidan ba, wayar hannu kuwa ba ta zo wa irinmu ba tukuna. Na yi ta zagaye rungume da bargo, gumi na zuba, sai na ji wani ɗan acaɓa yana Hausa irin ta Baure, can wajenmu. Na faɗa masa wanda nake nema.

"Baba, dillalin shanu ai kara za mu, kasuwar shanu."

Matambayi ba ya ɓata. Daga wannan dillali zuwa wancan, da la'asar ina gaban Yaya. Ya riƙe hannuna gam.

"Sani? Ta ina ka ɓullo?"

"Ni ma ban gane ba, Yaya."

Ya yi murmushi. Bayan magariba ya cika.

Juma'a da hantsi, dawowarmu daga maƙabarta ke nan sai ga Mati afujajan. Ya gan ni, ya ja da baya.

"Malam Sani, ba a Daura na bar ka ba? To saƙon fa? Ka ce ya jira ka."

Na ce, "Ya jira, Mati."

Gida

A motar Mati na dawo, kwana biyu cur, bargon Hadiza ya yi rana. Har yau ban gane yadda nisan nan ya shige cikin awa ɗaya da rabi ba. Na dai gode wa Allah da bai bi lissafina ba. Da ya bi, sai dai in yi wa Yaya sallama a bakin kabari.