Jirgin da Sadiƙu ya bari

Ana kiran La'asar na saita jirgin ya sauka da kansa, na tafi masallaci. Wasan sararin samaniya ne a kwamfutar ƙanena Sadiƙu, Allah ya jiƙansa. Shi ya haɗa jirgin kafin rasuwarsa.

Da na dawo sai tarkace. Ashe duniyar da na nufa ƙarfin janta ya yi yawa, ta fizgo jirgin ta maka shi da ƙasa.

Na kira abokin Sadiƙu, Bulus na unguwar Herwagana. Da na gaya masa, sai ya ce, "Yaya, a wannan duniyar Sadiƙu da hannu yake saukar da jirgin. Kuma a wasan nan, abin da ya fashe ya fashe."

Tun ranar jana'iza ban yi kuka irin na yau ba. Wai a kan wasa.

Ku da kuka yi rashi, me suka bari da kuke tsoron taɓawa?